Yadda za a sa mahalliya (ƙaramar hukuma) ta keɓe wa hafira da rijiya harami, wato kewayen da ke kare ruwansu

A ƙauyukan Gadarif da Sinnar da Kasala a Sudan, ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe hafira, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, shi ne rabon fili. Tun dokar filaye ta 1970, duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma yawancin hafirori da magudanansu suna kan irin wannan ƙasa. Ranar da aka yanka wa wani gona ko fuloti a bakin ruwan, wayar shingen da kwamitin hafira ya kewaya ba hujja ba ce. Takarda ce hujja.

Aikin yana farawa ne da ruwan farko na damina, wajen Yuni ko Yuli. A bi kwarin da ke zubo wa hafira ruwa da ƙafa, daga bakinta a yi sama, ana rubuta duk abin da ruwan ya ratsa: masai, juji, makwancin shanu, mahauta, wurin gasa bulo, gonar riɗi da ake yi wa feshi. Da rani ba a gane hanyar ruwa a baƙar laka, shi ya sa zanen da aka yi a watan Maris yakan bar rabin magudanar a waje.

Daga nan sai a raba wurin zobe-zobe. Na ciki shi ne gaɓar hafira da ramin da ke tare laka a mashiga da rijiyar ɗiba. Nan waya mai ƙaya, ƙofa ɗaya, ba mutum ba dabba. Ga rijiyar sha, ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce masai ya yi nisan aƙalla mita 30, ya kasance ta gangare, gindin raminsa kuma ya fi ruwan ƙasa tsayi da mita 1.5. Amma wannan lissafin ƙasa mai laushi ne. Baƙar lakar Gadarif tana tsagewa da rani, kuma ruwan farko yana bin tsagar ya kai ƙazanta nesa kafin ƙasar ta kumbura ta rufe, don haka a nemi fiye da haka. Zobe na waje, wato magudana, ba ya shingantuwa. Abin da ake nema a kansa shi ne hana gini da juji da mahauta da feshi.

Sai takardar koke zuwa ga daraktan zartarwa na mahalliya, da sa hannun shehun gari ko umda (basaraken yanki), da kwafi ga hukumar ruwa ta wilaya, wato jiha. A nemi abu biyu ƙarara: ma'aikatan safiyo su auna su fitar da kuruki, wato taswirar fili, mai lambobin kusurwa, sannan a fitar da umarnin mahalliya da ya ambaci abin da aka hana da tararsa. Kurukin a tabbata ya shiga ofishin filaye da tsare-tsaren gari na wilaya, domin can ake rabon fuloti, kuma ba lallai su san abin da mahalliya ta sa wa hannu ba. A kafa turakun siminti a kowace kusurwa; itace gara da masu neman makamashi za su cinye shi.

Idan wani ya yi gardama, fiƙihu yana tare da kwamiti: a mazhabar Malikiyya haramin rijiya ya kai duk inda abu zai cutar da ruwanta ko ya takura masu sha.

Inda aka fi yin kuskure shi ne makiyaya. Umarnin da ya toshe burtali bai ba garke mashaya ba, a daren farko za a datse wayar. A ja bututu a gina kwamin shayarwa a waje, ta gangare, a zauna da shugabanninsu tun kafin awo. Haka masu gudun hijira da aka sauke a makarantu: jami'in lafiya ya nuna inda za a haƙa masai kafin a haƙa. Kwalarar da aka ayyana a Gadarif a Satumbar 2023 ta isa dalilin da za a rubuta a koken.

Harami ba ya maye gurbin kulorin. Ruwan hafira sai an tace shi ya washe, sannan a sa magani, a gwada bayan minti 30 a ga saura miligiram 0.5 a kowace lita.