Yadda za ka zaɓi wayar wuta ga amfilifayar motarka

Kafin ka je kasuwa sayen waya, juya amfilifayar ka duba fiyus ɗin da ke jikinta. Lambar da aka zana da manyan baƙaƙe a kan kwali, 3000W ko 5000W, talla ce kawai. In ka ga fiyus biyu, kowanne mai amfiya 25 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja), to abin da za ta iya ja bai wuce amfiya 50 ba. Mota mai tafiya tana ba da volt 14 ko ƙasa kaɗan, ka ga 50 sau 14 ya kama wat 700, kuma a cikinsa ma wani kaso zafi yake zama, ba sauti ba. A garejina da ke Yelwa, nan Garwa, da wannan nake fara yi wa kowa bayani, domin yawancin masu zuwa da lambar kwali suke zuwa a baki.

In kana da takardar ampli, nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfinta na gaskiya. Ampli mai aji D, irin wadda ake sa wa ufa, wato babbar sifikar ganga, takan mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa sauti. Mai aji AB kuwa rabi ne da ɗan ɗori. Saboda haka wat 500 na RMS a aji D zai ja amfiya 45 ko kusa da haka, a aji AB kuma zai kai 65. Ƙarfi ɗaya, ci daban.

Sai tsawo. Ɗauki igiya ka bi hanyar da wayar za ta bi, daga kan batir, ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ta bi ƙarƙashin kafet ta gefen ƙofofi har but. A Carina ko Corolla mita 5 ne galibi. Kada ka auna daga waje da ido, kwana-kwanar nan tana cin waya.

Da waɗannan lambobi biyu lissafin ya samu. Ka ninka amfiya da tsawon wayar a mita, ka sake ninkawa da 0.0175, wato lambar tauye wuta ta jan ƙarfe, sannan ka raba da kaurin wayar a mm², wato murabba'in milimita. Abin da ya fito shi ne volt ɗin da zai salwanta a hanya, kuma ni ba na yarda ya wuce rabin volt. Ɗauki amfiya 45 a mita 5. Waya mai 10 mm² za ta zubar da 0.39, ta yi. Mai 6 mm² za ta zubar da 0.66, ta gaza. Wayar gida mai 2.5 mm², wadda wasu yara ke tsinta a wurin gini su ja wa mutane, za ta zubar da volt 1.6, kuma wannan asarar wajen wat 70 ce ta zafi kwance a ƙarƙashin kafet. Ga wanda lissafi ke sa wa ciwon kai: wat 500 a aji D, sayi 10 mm², in aji AB ce, 16, in ka kai wat 1000, kada ka sauko daga 25.

Kayan da ke shigo mana ta Yola da Mubi yawanci da ma'aunin Amurka ake rubuta su, wato AWG, wanda lambarsa ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Lamba 8 tana daidai da 8.4 mm², lamba 4 kusan 21, lamba 0 kuma wajen 53. Na kantunan kayan gini kuwa mm² ne kai tsaye.

A wurin saye ne aka fi cutar mutane. Za a miƙo maka kwali mai sheƙi, waya ja a naɗe, kaurinta ya kai ɗan yatsa, an buga mata lamba 4. Ka roƙi mai shago ya bari ka fere bakinta. Sau da yawa roba ce ta cika ta, zaren da ke ciki bai kai na lamba 8 ba, tamkar siririn mutum cikin babbar riga. Lamba 4 ta gaskiya, in ka cire robar, dunƙulen zarenta ya kai milimita 6 a faɗi; lamba 8 wajen 4. Wuta ba ta bin roba.

Ko zaren ya cika, saura ka san ko jan ƙarfe ne. Akwai wadda ake kira CCA, alminiyam ce aka yi mata fatar jan ƙarfe siririya. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana, ita ce. Ko ka kara mata laita, zaren alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take, na jan ƙarfe sai dai ya yi ja ya tsaya. Hannu ma yana faɗa, domin alminiyam bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba. Mita ɗaya na 25 mm² na gaskiya ya haura giram 200 tun ba a haɗa da roba ba. Ba na cewa CCA haramun ce, amma abin da take ɗauka bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka ba. Waccan 10 mm² da ta zubar da 0.39, in CCA ce sai ta haura 0.6. In ita aljihunka ya iya, ƙara mataki guda: inda lissafi ya ce 10, sayi 16. Kuma ka sani bakinta yakan yi farin gari idan damina ta shiga, ya saki a wurin ɗauri.

Ni dai abin da nake sa wa motar wanda ya bar mini zaɓi shi ne kebul ɗin walda. Ana samunsa a 16, 25 da 35 mm², zarensa sirara ne masu yawa, yana lanƙwasuwa ba gardama, robarsa kuma an yi ta ne don wahala. Ba shi da kyan gani, amma wa zai ɗaga kafet ya duba? Shi ma a kankare shi kafin a biya, don jabunsa ya fara yawa. Waya mai zare ɗaya tauri, irin ta bango, ba ta da wuri a mota ko da kaurinta ya isa. Girgizar hanyar Marwa zuwa Kusiri kaɗai ta isa ta karya ta a bakin ɗauri.

Fiyus ɗin da ke jikin ampli, ampli yake tsaro. Wayar da ta taso daga batir tana buƙatar nata, kuma wurinsa kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa; in ka samu ya fi haka kusa, ya fi. Dalili kuwa, duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro. An taɓa jawo mini wata Carina da igiya, mai ita saurayi ne, sabon ango. Wanda ya haɗa masa kiɗan ya zura wayar ta wani rami a bangon inji ba tare da zoben roba ba, fiyus kuma ya kai shi can but kusa da ampli. Bakin ƙarfen ya yi ta cin robar a hankali har ya taɓa zare. Da na ɗaga kafet, robar ta narke ta manne da ƙarfe tun daga bangon har batir, zaren ya yi baƙi, yana ruɓushewa a hannu. Angon ya ce mini, "Baba, ai akwai fiyus, ga shi ma bai ƙone ba." Na ce, "Ɗana, ta ina zai ƙone? Wutar ba ta iso wurinsa ba, a hanya ta sauka." Batir in ya samu gajeriyar hanya irin wannan ɗaruruwan amfiya yake turowa. Allah ya taimake shi wani mai babur ya fizge kan batir ɗin.

Girman fiyus wayar ake dubawa. Ga jan ƙarfe na gaskiya, ba na wuce amfiya 60 a kan 10 mm², 80 a kan 16, 125 a kan 25, 150 a kan 35. In CCA ce, rage sulusi. Wasu littattafan sun yarda da fiye da haka, amma ba a Garwa aka rubuta su ba. A watan Maris da Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40, balle cikin ɗakin inji, kuma waya mai zafi ƙara tauye wuta take yi, robarta kuma tana kusa da iyakarta tun kiɗa bai fara ba. Fiyus in ya ƙone, nemi dalili. Masu naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbinsa, da su da wanda bai sa fiyus ba duk ɗaya ne. Ga amfiya mai yawa na fi son fiyus irin ANL mai ƙusa biyu a kan na kwalba, wanda bakinsa ke saki ya yi ta ɗumi.

Wayar mas, wadda ke komawa jikin mota, kaurinta ɗaya da ta wuta, kuma gajeriya, kada ta wuce rabin mita. Kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, sa mata kan zobe da aka matse da kyau, ka ɗaure da ƙusa mai noti, sannan ka shafa ɗan giris don tsatsa. Duk aikin nan ana yinsa ne bayan an cire kan batir na mas, fiyus kuma shi ne na ƙarshen sawa. Wayar sauti da ke zuwa daga rediyo a bi da ita ta ɗaya gefen motar, don kada kukan inji ya shiga sifika.

In an gama, tada mota, ƙure kiɗa mai ganga, ka sa mitar auna volt a kan batir, sannan a bakin ampli. Bambancin kada ya wuce rabin volt. Bayan minti goma ka bi wayar da hannu, ka taɓa gidan fiyus da wurin mas. Wuri ɗaya in ya fi sauran zafi, ɗaurinsa ne bai kama ba. In waya ta yi sanyi, mita ta nuna daidai, amma fitilu na lumshewa duk sanda ganga ta buga, to ba laifin waya ba ne. Altaneton ƙananan motocin nan, wato na'urar da ke cajin batir, amfiya 70 zuwa 90 yake bayarwa, fitila da fanka da iyakwandishan sun riga sun ci rabonsu. Ampli mai wat 1000 ita kaɗai tana neman 90. A nan sai dai a rage ampli ko a nemo altaneto babba, in kuma an canza shi, a ƙara kaurin wayar da ke tsakaninsa da batir da wadda ke tsakanin batir da jikin mota.