Darasi na Bakwai: Shirin Unguwa Kafin Ambaliya

Ga mai karantarwa: a raba darasin nan zama biyu. A zama na farko a yi karatu da tattaunawa, a na biyu a yi lissafi da rubutu.

Karatu

A watan Yuli na shekarar 2012 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jos. Madatsar ruwa ta Lamingo ta cika ta tumbatsa. Cikin dare ruwa ya auka wa gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Mutum fiye da 30 suka rasu, gidaje kimanin 200 suka rushe ko ruwa ya shanye su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ambaliya matsalar mutanen Lokoja da Makurɗi ce, tunda Jos a kan tudu take. Ruwan can da namu ba ɗaya ba ne. A Lokoja kogi yakan yi kwanaki yana hawa, mutane na kallonsa. A nan kuwa dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kan duwatsu gangarowa yake yi a guje, ya tarar da kwalbati cike da leda da shara, ya tarar an yi gini har bakin rafin Dilimi. Kafin mai barci ya lalubo takalmi, ruwa ya shigo ɗaki.

Akwai hukumomin da aikinsu ke nan. NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa, ta tarayya ce, an kafa ta a 1999, jiha kuma tana da tata, wato SEMA. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, takan ambaci ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Mu riƙa sauraron wannan hasashe a rediyo, kada mu raina shi. Sai dai sunan ƙaramar hukuma yake faɗa, ba ya faɗin lungu. Jami'in da ke ofis bai san kwalbatin da ke fara toshewa a unguwarku ba. Bai san ɗakin da makaho yake kwana ba, ko gidan da mai jego take. Ku kuka sani. Shinkafa da tabarma da bargo na agaji sukan iso bayan ruwa ya janye, amma a sa'ar da ruwan ke hawa, maƙwabci ne kaɗai a kusa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Damina a Jos takan faɗi a watan Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta. Saboda haka taron unguwa a watan Maris ya kamata a yi shi, lokacin da rafi ya janye, ana iya shiga a yashe magudana.

A taron a kira mai unguwa da liman da fasto, da 'yan agaji, da masu Keke, da 'yan sintiri, don su ne idonsu biyu da dare. Kada a bar mata a baya. Na nace a kan wannan, domin sau da yawa maza suna kasuwa ko wurin aiki, mace ce a gida da yara da tsofaffi. Shirin da ba a yi da ita ba, ba za ta san shi ba ranar da ake bukata. Ungozoma kuwa ta fi kowa sanin masu tsohon ciki.

Abu mafi muhimmanci da taron zai yanke shi ne alama. A sami fenti a ja layi biyu a jikin gada ko kwalbati. Dattawan da suka ga ruwan baya su za su nuna inda ya dace. Layin ƙasa rawaya ne: in ruwa ya taɓa shi, a ta da kowa, a ɗaga kaya sama, a fara fitar da tsofaffi da marasa lafiya. Layin sama ja ne: in ruwa ya kai nan, a kashe wuta daga mita, kowa ya fita, babu sauran shawara. Amfanin layin shi ne yana kashe gardama. Da tsakar dare wani zai ce a dakata, ai ruwan zai ɗauke, wani ya ce a tafi. In an riga an amince tun da rani, mai sintiri ba ya jiran izinin kowa. Usur zai busa, ladan ya buɗe lasifika, a kaɗa ƙararrawar coci.

Sannan a zaɓi wurin taruwa a kan tudu, makaranta ko masallaci ko coci, a nemi izinin masu wurin tun yanzu, a san mai riƙe da makulli. Hanyar zuwa kada ta tsallaka rafi. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato.

A karanta wannan hira tsakanin wani daga cikin masu shirin da wata tsohuwa, mutum biyu-biyu:

"Inna, in aka busa usur sau uku, jikanki da yaron maƙwabta za su zo su kama ki zuwa makaranta."

"Ranka ya daɗe, in tafi in bar awakina da wa? Su ke nan gare ni."

"An ware masu kora dabbobi, Inna. Naki uku ne, an rubuta."

"To ɗakina fa? Kada in dawo in tarar an kwashe ɗan abin da ruwa ya bari."

"'Yan sintiri za su tsaya daga kan tudu suna haska layin har gari ya waye."

"In haka ne, Allah Ya yi albarka. A ce wa yaran kada su manta da maganina."

Tsohuwar nan ba taurin kai take yi ba. Mutane kan ƙi fita ne saboda dabba da tsoron ɓarawo, kuma suna da gaskiya. In shiri bai amsa waɗannan biyu ba, za a busa usur mutane su zauna.

Kowane gida ya tanadi bokitin roba mai murfi. A sa takardar fili, da takardun haihuwa da na makaranta, da katin NIN, da katin asibiti, da magani, da tocila. A naɗe takardun cikin leda, a rataye bokitin kusa da ƙofa. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Lissafi

Shiri yana cin kuɗi: shebur, buhunan yashi, fenti, usur, batir, da man Keken da zai kwashi marasa lafiya. Mu ɗauka layinku yana da gida 60, kowane gida yana zuba naira 500 a wata, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Nawa ake tarawa a wata ɗaya? Nawa za a samu a wata 6? In an kashe naira 70,000 wajen yashe magudana, nawa ya rage?

Kuɗin jama'a sai da rubutu. Ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma a karanta shiga da fita a bainar jama'a duk wata. Inda aka fara zargi, asusu ya mutu. A kuma rubuta tun farko cewa da zarar ruwa ya taɓa layin rawaya, ma'aji zai saki kuɗin mai ba tare da jiran taro ba.

Aikin gida

Ka zana taswirar layinku a littafinka. Ka nuna rafi da kwalbati da wurin taruwa. Ka sa alama a kan duk gidan da ke da tsoho, ko naƙasasshe, ko mai ciki, ka rubuta sunan mutum biyu da za su fitar da shi. Ki yi haka ke ma, ki tambayi matan layinku, don akwai abin da ba za su gaya wa namiji ba. Bayan isha'i a ɗauki tocila a bi hanyar tudun tare da yara, a duba agogo a rubuta minti nawa ta ci. A kawo taswira da lissafin a zama na gaba.