Shawara ga mai kula da ɗakin karatu idan zai yi tafiya

'Yan uwa masu kula da ɗakunan karatu na makarantun Damagaram, duk wanda hutu ya kai shi Kano ko Yamai da niyyar sayo littattafai, ya tafi da jerin waɗanda ɗalibai suka fi nema, kada kyawun bango ya ruɗe shi. Kafin ya biya, ya buɗe tsakiyar kowane littafi ya duba ɗinkinsa, domin wanda aka haɗa da gam kaɗai ba ya jure zafin Afrilu, shafukansa zubewa suke yi. A naɗe su cikin leda kafin a sa a kwali, tunda a saman mota ake ɗaure kaya. Idan an iso kuma, kada kwalin ya kwana a ƙasa, saboda gara.