Yadda na gyara lissafin galan da fayint wajen haɗa maganin feshi

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da nake fesawa a ɗakin kaji ɗan Amurka ne, takardarsa ta ce fayint 1 (wani ma'aunin ruwa ne) a galan 32 na ruwa. Sai ga shi yana ƙarewa da wuri, warinsa har yana hawa kai. Na sauya bakin famfon feshi, na auna robar ko ba a cika ta ba, duk lafiya lau.

Ashe ma'auni biyu ne suka cakuɗe. Manhajar waya da nake lissafi da ita tana ba da fayint na Ingila, mililita 568, galan ɗin kuwa na Amurka ne, lita 3.785. Fayint na Amurka mililita 473 ne, wato maganin ya haura da kashi 20 cikin 100.

Ga abin da ya yi aiki. A ƙasashen biyu galan ɗaya fayint 8 ne, don haka na ninka 32 sau 8, ya ba da 256: awo ɗaya na magani, awo 256 na ruwa. Famfon goyo na lita 16 mililita 16,000 ne, a raba da 256, an sami mililita 62.5 na magani. Da sirinji nake aunawa, don murfin roba ba abin dogaro ba ne.

Daga fayint zuwa galan kuma rabawa ake da 8. Kada a auna da galan ɗin kasuwarmu, shi yawanci lita 4 ne, na Ingila kuma 4.546.

Alhamdulillahi, haɗin ya daidaita.