Yadda Ake Kama Kifin Ado Na Ruwan Teku A Sauya Masa Wuri

Masu kiwon kifin ado na ruwan teku ba su da yawa a Garwa, Marwa da Ngaundere na arewacin Kamaru, domin teku tana da nisa, kifin daga nesa ake kawo shi, gishirin da ake haɗa masa ruwa ma na musamman ne. Wanda ya samu ya raya kifaye biyar ko shida a akwatin gilashi ya san kuɗi da haƙurin da suka ci masa. Ranar da ya fi fuskantar asararsu kuwa ita ce ranar da zai kama su, ko don zai tashi daga gida, ko don ya sayi babban akwati, ko don wani kifi ya addabi sauran har ya zama dole a raba su. A ranar ne ake ganin abubuwan da ke ba ƴan kallo dariya: maigida ya jiƙe sharkaf, kifi ya yi tsalle ya faɗa bayan kujera, yara suna ihu suna nunawa. Dariyar ba laifi ba ce, amma kifin yana shan wahala a lokacin, kuma mafi yawan waɗannan kurakurai daga gaggawa da dogaro da raga suke fitowa.

Shiri yana farawa tun kwana biyu kafin ranar. A haɗa sabon ruwa a bar famfo yana juya shi, kimanin giram 35 na gishirin akwatin kifi a kowace lita, har ma'aunin gishiri ya nuna tsakanin 1.023 da 1.026, zafinsa kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Gishirin miya, manda da kanwa ba sa yin wannan aiki. A daina ba kifin abinci na kwana ɗaya zuwa biyu, saboda kifin da cikinsa ke cike zai ɓata ɗan ruwan da za a ɗauke shi a ciki. Bokitai da jarkoki su kasance waɗanda sabulu, fetur ko maganin sauro ba su taɓa shiga ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa yake wuce digiri 40, a yi aikin da asuba ko bayan magariba. Da hunturu kuwa a jira hantsi.

Kafin hannu ya shiga ruwa, a zare duk wayoyin lantarki daga bango. Na'urar ɗumama ruwa ta gilashi tana iya fashewa idan ruwa ya sauka ya bar ta a kunne. Wajen rage ruwa, da yawa sukan zuƙi tiyo da baki, sai su kwankwaɗi ruwan gishiri mai haɗe da kashin kifi, su saki tiyon suna tari, shi kuma ya ci gaba da malala a kan darduma. Abin da ya kamata shi ne a nutsar da tiyon gaba ɗaya ya cika da ruwa, a toshe bakinsa da babban yatsa, a sauke shi cikin bokiti sannan a saki, kuma a tsayar da mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai lura da bokitin. Ruwan farko mai tsabta, wanda aka ɗiba kafin yashi ya tashi, shi za a ajiye don ɗaukar kifin.

Duk wanda ya taɓa bin ƙaramin kifin murjani da raga a cikin akwati mai cike da duwatsu ya san cewa kifin ne yake yin nasara. Ya san kowane rami, yana ganin ragar tun daga nesa, mai binsa kuwa sai ya rushe duwatsun da ya ɓata watanni yana jerawa. Idan duka kifayen za a kwashe, a fara fitar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, da safar hannu, domin akwai tsutsotsi masu ƙaiƙayi a cikinsu, a saka su cikin bokitin ruwan akwatin don kada su bushe. A leƙa kowane dutse da kyau: sau da yawa kifin da ake ta nema yana maƙale a ramin dutsen da aka riga aka fitar. Bayan haka a rage ruwa har ya rage kamar taƙi ɗaya, a nutsar da roba mai garai-garai a wata kusurwa, a yi amfani da ragar wajen koro kifin a hankali har ya shiga robar, a rufe ta da tafin hannu ko murfi, a ɗago shi yana cikin ruwansa.

Idan kifi ɗaya kawai ake so, ba sai an rushe komai ba. Ana yanke wuyan gorar roba, a juya shi ciki, a sa abinci, a ajiye a ƙasan akwatin. Wani lokaci sai an yi kwanaki kafin kifin ya saba ya shiga. Wata dabarar ita ce a jira tsakar dare bayan an daɗe da kashe fitila, a kunna haske farat ɗaya, domin kifin yakan yi ƴan mintoci a ruɗe kafin ya dawo hayyacinsa.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar roba shi ne yadda aka halicci waɗannan kifaye. Wanda ake kira kifin tiyata yana da ƙaya mai kaifin aska a kowane gefen gindin wutsiyarsa, tana sarƙewa a raga, tana kuma yanka yatsa. Manyan kifayen murjani masu faɗin jiki da zane-zane suna da ƙaya a murfin kumatunsu wadda ita ma take kama zaren raga. Idan haka ta faru, kada a ja. A mayar da ragar cikin ruwa a bar kifin ya kwance kansa, in ya gagara a yanke ragar da almakashi, domin kuɗinta bai kai na kifin ba. Akwai kuma wanda yake shiga rami ya miƙe ƙayar bayansa ya kulle ta, kamar yadda kurungu yake ƙame ƙayoyinsa a hannun masunta a Binuwai. Jan irin wannan da ƙarfi raunata shi zai yi, gara a ɗauke shi tare da dutsen a cikin ruwa.

Talibambam na teku shi ne ya fi ba yara dariya, domin da zarar ya tsorata sai ya kumbura. A cikin ruwa, ruwa yake haɗiya, kuma yana iya fitar da shi. In aka ɗago shi sama kuwa iska zai haɗiya, sai ya riƙa yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa, wani lokaci har ya mutu. Kada a bari bakinsa ya fito daga ruwa ko na daƙiƙa ɗaya. Kifin zaki mai dogayen ƙayoyi kuma dafi gare shi. Wanda ya soka ya nutsar da wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan ya je asibiti, musamman idan kumburi ya yi yawa ko numfashi ya yi nauyi.

Siraran kifaye masu saurin iyo gwanayen tsalle ne, wasu kuma cikin yashi suke binne kansu, don haka kowane bokiti ya kasance da murfi, kuma a laluba yashin da yatsu a hankali kafin a ce kifi ya ɓata. Idan ya faɗo ƙasa, a jiƙa hannu da ruwan akwatin, a ɗauke shi nan take, a ɗauraye ƙurar jikinsa a wani ƙaramin kwano na wannan ruwan, a mayar da shi. Kyanwar gida kuwa a rufe ta a wani ɗaki tun kafin a fara.

Don tafiya, kowane kifi ya samu ledarsa, a ninka ta biyu ko uku ga masu ƙaya: kashi ɗaya cikin uku ruwa, sauran iska. Kada a hura ledar da baki, a cika ta da famfon iska. A jera ledojin cikin kula a rufe, domin duhu yana kwantar musu da hankali. Da bazara a sa gorar ruwan sanyi da aka naɗe da tsumma a gefe, ba tare da ta taɓa ledar ba. Tsakanin Garwa da Marwa kimanin kilomita 200 ne, ga tsaye-tsayen hanya, saboda haka kular ta zauna cikin motar a inuwa, kada a ɗaure ta a sama tare da kaya. Manyan kifaye sun fi samun sauƙi a bokiti mai murfi da famfon iska mai batir, wanda dama ya kamata kowane mai akwati ya mallaka saboda ɗaukewar wuta. Akwatin kansa sai an juye shi sarai kafin a ɗaga, domin lita 200 ta ruwan gishiri ta haura kilo 200, gilashi kuma ba ya jure murɗawa.

Da isowa, a rage haske, a ɗora ledar a rufe a saman ruwan sabon akwatin na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Idan tafiyar gajeriya ce, a juye kifin cikin bokiti a riƙa ɗiga masa ruwan akwatin ta siririn tiyo har ruwan ya ninka. Idan kuwa ya kwana a leda, kada a ja lokaci: ammoniyar da ta taru a ciki, wato sinadarin da kifi ke fitarwa daga jikinsa da kashinsa, tana ƙara zama guba da zarar an buɗe ledar iska ta shiga, don haka a tabbatar gishirin ruwan biyu ya zo ɗaya a mayar da shi da wuri. Ruwan ledar zubar da shi ake yi, ba ya shiga akwati. A bar fitila a kashe har wayewar gari, a rufe saman akwatin, abinci kuma sai washegari, ɗan kaɗan, ana auna ammoniya kullum har mako guda.