Yadda Ake Haɗa Tunkiyar da Ta Zauna Ita Kaɗai da Sabon Garke

Tunkiya ba ta jure kaɗaici. Wadda aka sayar da 'yan'uwanta lokacin Babbar Sallah aka bar ta ita kaɗai a turke, ko wadda ta ɓace wa makiyayi a hanya, za ka ji ta tana kuka ba dare ba rana, tana zagaye turken har igiya ta nannaɗe mata ƙafa, ga ƙin cin abinci har haƙarƙarinta ya fara bayyana. Kuskuren da na fi gani a wurin sababbin masu kiwo shi ne, tausayi yakan sa su kwance ta su tura ta cikin garke a ranar da suka same ta. Bayan kwanaki kaɗan sai a ga majina da zawo sun bazu a garken, ko kuma manyan tumakin sun yi ta tunkuyinta sun hana ta kusantar abinci.

Idan tsintar ta ka yi, fara da cigiya. Hadisin da ya yi magana a kan tunkiyar da ta ɓace ya halatta ɗaukar ta, domin in ba kai ko mai ita ba, naman daji ne zai cinye ta, amma wannan bai ɗauke maka sanar da mai unguwa ko dagaci da dillalan kasuwar dabbobi ba. A wannan zamani da satar dabbobi ta yi ƙamari, ajiye baƙuwar tunkiya a gida ba tare da shaida ba neman rigima ne.

Wajen kama ta, kada a bi ta da gudu. A zuba mata harawa a lungu, mutum biyu su matso a hankali, sannan a riƙe ta da hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗayan a ƙugu. Ba a jan ta da kunne ko da ƙafa. A ba ta ruwa tukuna, sai busasshiyar harawar wake ko ta gyaɗa. Dusa da hatsi su jira, domin cikin da ya daɗe da yunwa idan aka cika shi da hatsi, kumburin ciki ke biyo baya, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A fara da ɗan cikin tafin hannu, a riƙa ƙarawa cikin mako guda.

Yanzu sai killacewa, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. A ware ta aƙalla kwana 21, domin cutar PPR, wadda ke kashe tumaki da awaki da yawa a ƙasashenmu, tana iya ɓoyewa a jikin dabba kafin alamunta su fito: zazzaɓi, majina, ruwan ido, gyambo a baki da zawo mai wari. Matsalar ita ce killacewar kanta kaɗaici ce, wato ainihin abin da ake son raba ta da shi. Shi ya sa masu kulle ta a ɗaki mai duhu suke samun ta ta ƙara ramewa. Abin da ya dace shi ne a yi mata keɓantaccen wuri a inuwa, inda za ta hango garken ta ji kukansu, amma da tazarar da hanci ba zai taɓa hanci ba, kuma ruwan wurinta ba zai gangara wurinsu ba. Bahon ruwanta daban, mazubin abincinta daban, kuma ita ce ta ƙarshe da za a yi wa hidima kowace rana, sannan a wanke hannu da takalmi.

Idan duk da haka kukan bai tsaya ba, a ciro tsohuwar tunkiya guda mai sanyin hali daga garken a haɗa su, da sharaɗin ita ma ba za ta koma ba sai wa'adin ya cika. Wasu suna ganin wannan asara ce idan baƙuwar na ɗauke da cuta, to amma kasadar tunkiya guda ta fi sauƙi a kan ta garke duka. Ni ban yarda a sa mata akuya ba, domin akuya za ta cinye harawar ta bar ta da kallo.

Cikin waɗannan kwanaki a duba tsakanin kofatanta ko akwai ruɓa da wari, a duba kunne da ƙarƙashin wutsiya saboda kaska, a kuma jawo fatar idonta ta ƙasa: idan cikin ya yi fari maimakon ja, tsutsar ciki ta sha mata jini. A kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya ba ta maganin tsutsa bisa nauyinta, a kuma faɗa masa idan ana zaton tana da ƙaramin ciki, domin maganin tsutsa mai suna albendazole yana iya cutar da ɗan tayi a farkon ciki. Ya yi mata rigakafin PPR, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato take sarrafawa. Kuɗin wannan duka bai kai kuɗin ɗan rago guda ba.

Bayan wa'adin ya cika lafiya, a matso da ita jikin shingen garken, waya ko darni mai rata, ta yi kwana uku zuwa mako suna sansanar juna. Tumaki sun san nasu sarai. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2001 ya nuna tunkiya tana iya tuna fuskokin tumaki 50 har tsawon shekara biyu, saboda haka baƙuwa ba ta sajewa haka kawai, musamman idan Uda ce mai launi biyu aka kawo cikin fararen Balami.

Ranar haɗawa ta zama da safe, a fili mai faɗi, bayan kowa ya ƙoshi, kuma a sake ta tare da tsohuwar abokiyar zamanta. A raba abinci wuri uku ko huɗu masu nisa da juna. Za a yi ɗan tunkuyi, wannan ba abin damuwa ba ne, sai dai idan guda ta matsa mata ta hana ta sha ruwa, to mai tunkuyin za a ɗaure na kwana biyu, ba baƙuwar ba. A ware rago har sai ta murmure, domin idan ya barbare ta a rame, ɗaukar ciki na wata biyar zai yi mata nauyi. A leƙa su da dare na tsawon mako guda, kuma duk ranar da aka same ta kwance a tsakiyarsu tana tuƙa, za a iya fita da ita kiwo tare da sauran.