Idan sabar GlusterFS ta mutu, ga yadda zaka tada ta ba tare da ka ɓata sauran ba

Yan uwa masu aikin kwamfuta a ƙananan sharikoki nan Jidda da Makka, musamman ofisoshin hajji da umara inda hotunan fasfo da takardun alhazai ke jibge a saba, wannan naku ne. Da yawanmu gadon GlusterFS, wato tsarin da ke haɗa faifan sabobi da yawa su zama ma'ajiyar fayiloli ɗaya, muka yi daga wanda ya riƙe kujerar kafin mu, saba biyu ko uku kowacce na riƙe da kwafin fayilolin, to ranar da mukayyif ɗin ɗakin saba ya tsaya cikin dare a watan Yuli, ko kahraba ta ɗauke batirin UPS kuma dama ya daɗe da mutuwa, da safe sai ka tarar ɗaya taƙi tashi mudir na tsaye a kanka.

Kafin komai, sabobin da ke raye kar ka taɓa su. Kar ka kashe ka kunna, kar kace bari na yi musu ofdet tunda na zo. In kwafi uku ne, biyun da suka rage su ke riƙe da aikin, kana kashe ɗaya rubutu zai tsaya wa kowa a ofis. Shiga mai lafiyar ka buga gluster peer status, sannan gluster volume status, kaga wa ya ɓace. In akwai wuri ka ɗauki bakof na muhimman foldoji yanzun nan zuwa wani faifai na daban, ta wajen da ma'aikata ke shiga ba ta cikin birik ba, wato foldar da Gluster ke ajiye kwafinsa a faifan kowacce saba. Kwafi uku ba bakof bane malam, wanda aka goge a ɗaya an goge shi a duka.

Yanzu koma kan wadda ta faɗi. In ta kunnu, journalctl -b -1 zai nuna maka abinda ya faru kafin ta mutu in dai ana ajiye log ɗin, dmesg kuma zai faɗa maka ko faifai na kuka. Ka duba shi da smartctl -a, idan Reallocated_Sector_Ct ko Current_Pending_Sector sun tashi daga sifili suna ƙaruwa, wallahi kar ka ɓata lokacinka, sayi sabo, ai kwafin na can a sauran sabobin.

In faifan lafiya lau ne XFS ɗin ne, wato tsarin jera fayiloli a kan faifan, kawai ya rikice saboda ɗaukewar wuta, a nan ake yawan yin ɓarna. Ka fara gwada ɗora shi da mount kamar kullum, sau da yawa shi da kansa zai ƙarasa abinda yake rubutawa lokacin da wuta ta tafi, shikenan. In yaƙi, ka tabbata a sauke yake, ka buga xfs_repair -n wanda dubawa kawai yake baya canza komai, ka karanta abinda ya ce sannan ka cire -n ɗin. Akwai -L da zaka ga ana ba da shawararsa ko'ina kamar panadol, shi goge log ɗin XFS yake yi gaba ɗaya, wato inda yake riƙe rubutun da bai ƙarasa ba, abinda ke ciki ya tafi kenan, sai in ba wata hanya. Ni a ganina ma in har ta kai ga -L kuma sauran kwafin lafiyarsu ƙalau, gara ka share faifan da mkfs.xfs -f -i size=512 ka bar Gluster ya cika shi da kansa.

Birik ya hau, ka tada glusterd, wato manhajar da ke tafiyar da Gluster a sabar, in volume status ya nuna N a gaban birik ɗin, wato bai tashi ba, sai gluster volume start ajiya force, a madadin ajiya ɗin nan sunan volume ɗinku zaka sa, wato ma'ajiyar da birik-birik ɗin suka haɗu suka yi. Baya taɓa waɗanda ke aiki, wanda ke kwance kawai yake tadawa. In kuma sabon faifai ne ko wanda ka share, reset-brick zaka yi, da farko da start, sannan ka maimaita adireshin birik ɗin sau biyu ka ƙare da commit force.

Wahalar tafi yawa in Linux ɗin ne gaba ɗaya ya tafi sai an sake sawa. Ka sa irin sigar Gluster da ke kan sauran, sunan saba da IP su zama na da, ka buɗe 24007 da na birik daga 49152 zuwa sama a fayawol, agogo kuma ya daidaita da chrony. Sai lambar UUID, wadda ita ce kamar iƙamar sabar, in ta zo da sabuwa sauran basu santa ba. Tsohuwar na nan a /var/lib/glusterd/peers/ cikin mai lafiyar, nemo fayil ɗin da ke ɗauke da sunan wadda ta mutu, lambar na cikinsa, ka tsayar da glusterd a sabuwar, ka sa lambar a /var/lib/glusterd/glusterd.info, ka kunna, ka yi peer probe zuwa mai lafiyar, ka sake kunna glusterd. In kaga Peer Rejected, a kan wadda aka ƙi kaɗai zaka share kayan cikin /var/lib/glusterd ka bar glusterd.info, ka sake probe. Ka duba sunan sabar da kake ciki sau biyu kafin ka danna, don Allah.

Daga nan sai haƙuri. gluster volume heal ajiya info zai jero fayilolin da ba a gama daidaitawa ba, in sabon faifai ne ka ƙara da heal ajiya full, kuma in da hali ka bari sai bayan dawam ranar Alhamis ya samu Juma'a da Asabar yana yi, don yana cin netwok sosai ma'aikata zasu dame ka da cewa komai yayi nauyi. Kar kace zaka taimaka masa da cp ko rsync kai tsaye cikin birik, akwai foldar .glusterfs da wasu alamomi da yake liƙa wa kowane fayil, kwafin hannu rikita su yake.

Masu saba biyu kacal, ku duba heal ajiya info split-brain, wato fayilolin da kowacce saba ke cewa nata ne daidai. Akwai latest-mtime, bigger-file da source-brick na zaɓa, amma in takardar hisabi ce ka kira mai ita ya faɗa maka wanne ne na ƙarshe kafin ka zaɓa. Idan lissafin heal info ya koma sifili a kowane birik, ka roƙi mudir ƙaramar saba ta uku a matsayin arbiter, sunaye da alamomin fayil kawai take riƙewa, bata buƙatar babban faifai.